Bin Na Gaba Bin Allah Ne, Amma Ina Iyakarsa?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda mulki duka nasa ne, Yana ba da aronsa ga wanda Ya so, Ya karɓe abinsa sa'ad da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu duba wata magana da aka rene mu da ita tun muna yara, watau cewa bin na gaba bin Allah ne. Magana ce mai kyau, da ita gida ke zama lafiya, da ita gari ke tsayuwa. Amma tana da wata 'yar rakiya da ke fakewa a bayanta, wadda ake ji a ofisoshi da kotuna da makarantu da kasuwanni duk lokacin da aka kama mutum ya yi ɓarna. Sai ka ji ya ce, "Ni dai an ce in yi," ko kuwa, "Umurni ne daga sama." To, tambayarmu ita ce, idan na gaba ya ba da umurnin da ya saɓa wa shari'a da hankali, na ƙasa kuma ya zartar, shin wannan amsa za ta fisshe shi a gaban Allah? In kuwa ba za ta fisshe shi ba, yaya zai ƙi umurnin ba tare da ya zama ɗan tawaye ba?

Asalin ɗa'a da iyakarta

Babu shakka Musulunci addini ne na tsari da shugabanci. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 59, Allah Ya umurci muminai da su yi ɗa'a gare Shi, da Manzonsa, da kuma ma'abota al'amari daga cikinsu. Sai dai malaman tafsiri sun lura da wani abu a cikin ginin ayar wanda ɗalibin nahawu ba zai wuce shi ba. Kalmar umurni da ɗa'a an ambace ta game da Allah, aka sake maimaita ta game da Manzo, amma da aka zo kan shugabanni ba a maimaita ta ba, sai aka rataya su a kan abin da ya gabata. Suka ce hikimar haka ita ce a nuna cewa ɗa'ar shugaba reshe ce, ba ta da saiwa ta kanta, tana rayuwa ne muddin tana manne da ɗa'ar Allah da Manzonsa. Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi, wannan ma'ana ya shimfiɗa wa jama'a ranar da aka yi masa mubaya'a, inda ya nemi su bi shi matuƙar yana bin Allah da Manzonsa, ya kuma sauke musu nauyin binsa idan ya saɓa.

Kowa ya karanta hukunce-hukuncen ƙabli da ba'adi a makarantar zaure ya riga ya san wannan iyaka, ko da bai taɓa ɗaukar ta ya auna al'amuran duniya da ita ba. Mamu yana bin limaminsa a ruku'u da sujada, ba ya riga shi, ba ya musu da shi. Amma idan liman ya yi mantuwa ya miƙe zuwa raka'a ta biyar a sallar azahar, mamun da ya tabbata cewa ƙari ne ba ya binsa. Zama yake yi, ya yi masa tasbihi domin ya tuna. Malaman Malikiyya sun ce in ya bi shi da gangan alhali ya san ƙari ne, sallarsa ta ɓaci. Ku lura kuma da abin da ba ya yi. Ba ya ficewa daga masallaci, ba ya jan rigar liman, ba ya tsayar da wani limami a gefe. Yana nan a sahu, ya ƙi raka'ar da ba ta cikin salla, bai ƙi limamin ba. Dukan abin da za mu faɗa a yau yana cikin wannan mas'ala guda.

Abin da sahabbai suka yi

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya taɓa aika wata 'yar runduna, ya shugabantar da wani mutum a kanta, ya umurce su da yi masa biyayya. A hanya suka ɓata wa shugaban rai, sai ya sa suka tara itace suka hura wuta, sa'an nan ya ce su shiga. Suka tsaya suna duban juna, waɗansu suka ce ai gudun wuta ne ya sa muka bi Annabi. Suna cikin haka wutar ta mutu, fushinsa ya huce. Da labari ya kai ga Manzon Allah, sai ya bayyana cewa da sun shiga da ba su fita daga cikinta ba, ya kuma karantar da su cewa ɗa'a a cikin abin kirki kaɗai take. Abin lura a nan shi ne, shugaban nan Annabi ne da kansa ya naɗa shi, duk da haka naɗin bai mai da umurninsa na wauta ya zama wajibi ba.

Misali na biyu ya fi wannan nauyi, domin ran waɗansu ne a ciki. A shekara ta 8 bayan hijira, bayan buɗe Makka, an aiki Halidu ɗan Walidu zuwa ga kabilar Banu Jazima. Mutanen ba su iya furta shigarsu Musulunci da lafazin da aka saba ba, sai suka yi amfani da wata kalma dabam, Halidu bai karɓa ba. Ya kashe waɗansu, ya kama waɗansu, ya raba kamammun ga mayaƙansa, daga baya ya ce kowa ya kashe wanda ke hannunsa. Abdullahi ɗan Umar, wanda a lokacin saurayi ne, ya rantse ba zai kashe nasa ba, kuma babu wanda zai kashe a cikin mutanensa. Da suka komo suka ba da labari, Manzon Allah ya ɗaga hannuwansa ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Halidu ya aikata, sa'an nan ya aiki Sayyidina Aliyu ya biya diyya. Halidu babban sahabi ne, Takobin Allah, kuskure ya yi a fahimta. Amma girmansa bai hana saurayi ya ce masa a'a ba, kuma a ranar nan saurayin ne a kan daidai.

Limamin mazhabarmu ma ya ɗanɗana. A zamanin Halifa Abu Ja'afar Mansur an hana Imamu Malik faɗar fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta bai auku ba, domin mahukunta sun ga mutane za su yi ƙiyasin mubaya'ar tilas a kanta. Ya ƙi yin shiru. Gwamnan Madina, Ja'afar ɗan Sulaimanu, ya sa aka yi masa bulala har kafaɗarsa ta goce. Imamu Malik bai tara runduna ba, bai kuma canja fatawa ba.

Daga Gimbana zuwa Gudu

Kada wani ya ce waɗannan labaran ƙasashen nesa ne, bari mu komo gida. Ƙasar Kabi ta san masu taurin zuciya tun zamanin Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen shekarar 1516, bayan saɓani a kan rabon ganimar yaƙin Agadas, ya kafa daularsa a Surame. Wannan jaruntaka ce irin ta sarakuna, tarihi kuwa ya ba shi haƙƙinsa. Amma abin da muke nema a yau wani iri ne dabam, watau mutumin da ya ƙi umurni alhali ƙin ba zai ƙara masa kome ba sai hasara.

A nan ƙasar Kabi akwai garin Gimbana, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya koma da jama'arsa don gudun matsin sarakunan Gobir. Sarkin Gobir Yunfa ya nemi ya komo, ya ƙi. A ƙarshen shekarar 1803 dakarun Gobir suka faɗa wa Gimbana, suka kashe na kashewa, suka ɗaure saura suka nufi gida da su. Da suka biyo ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance kamammun. Sai Yunfa ya aiko wa Shehu cewa ya fita daga cikin jama'ar, shi da iyalinsa kaɗai, ya bar su. Ku duba irin wannan umurni da kyau, domin a cikinsa akwai tsira ga Shehu. Da ya bi, da ya kuɓuta da ransa da iyalinsa, abin da zai faɗa wa almajiransa kuwa kowa ya san shi. Shehu ya mayar da amsa cewa ba zai rabu da jama'arsa ba, amma zai bar wa Sarki ƙasarsa. A ranar 21 ga watan Fabrairu, 1804, suka yi hijira zuwa Gudu, suka bar gidajensu da gonakinsu.

Akwai darasi na biyu a cikin labarin Gimbana wanda ba a cika tsayawa a kansa ba. Yunfa bai ɗaure kowa da hannunsa ba. Waɗansu ne suka ɗaura sirdi, waɗansu suka riƙe igiya, waɗansu suka kora mata da yara a gaba, kowannensu kuwa yana iya cewa an ce ya yi ne. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to, jinkar zalunci ma haka take. Shi ya sa a cikin Suratul Ƙasasi, aya ta 8, da Allah Ya ambaci laifin Fir'auna da Hamana sai Ya haɗa da rundunoninsu, bai ware su ba don suna ƙarƙashin umurni. A cikin Suratul Ahzabi kuma, aya ta 67, an ba mu labarin mutanen da za su kawo uzurin cewa shugabanninsu da manyansu suka bi, suna faɗar haka kuwa suna cikin wuta.

Malam Abdullahi da jama'arsa

Ƙin umurnin abokin gaba yana da sauƙi a zuciya, ko da yana da tsada. Abin da ya fi wuya shi ne mutum ya ƙi bin nasa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, wanda kuma zuriyarsa ke riƙe da sarautar Gwandu a wannan birni har yau, ya fuskanci wannan jarrabawa. A shekara ta huɗu da hijirar Shehu, wajen 1807, rundunar jama'a ta tashi zuwa Alkalawa. Malam Abdullahi ya duba ya ga yawancin abokan da suka faro al'amarin don Allah sun yi shahada, waɗanda suka cika sahu kuwa da yawansu hankalinsu ya koma ga neman sarauta da dukiya da dawaki da tufafin ƙawa. Sai ya janye jikinsa daga rundunar, ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya kuma wallafa musu littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a. Daga baya ya komo wurin ɗan'uwansa ya ci gaba da aiki.

Malam Abdullahi wazirin Shehu ne, jarumi ne, yana da mabiya. Da ya so ya raba rundunar biyu da ya iya. Bai yi ba. Ya zare hannunsa daga abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, ya faɗi dalilinsa a rubuce, ya mai da ƙinsa ya zama karatu ga na baya. Wannan shi ne zaman mamu da tasbihinsa.

Yaƙin Argungu da Basasar Kano

Misali na uku ya fi sauran wuyar warwarewa, kuma mun kawo shi ne domin kada mai karatu ya ɗauka cewa kullum al'amarin a fili yake. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko saboda zafin halinsa, ya hau gado a 1891. Ya tara sarakuna ya kai wa Argungu yaƙi a zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, Kabawa kuwa suka yi nasara. A wannan yaƙi Galadiman Kano Tukur, ɗan Sarkin Kano Muhammadu Bello, ya nuna jaruntakar da ta shiga ran Sarkin Musulmi ƙwarai. Da Sarki Bello ya rasu a 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano. Ya san inda zukatan Kanawa suka karkata, watau ga Yusufu ɗan Sarki Abdullahi, ya kuma ba da shawara kada a naɗa Tukur. Sarkin Musulmi ya kafe. Waziri ya bi umurni, ya naɗa Tukur. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice zuwa Takai, aka shiga yaƙin da ake kira Basasa, Musulmi suna kashe Musulmi. Yusufu ya rasu a cikin tafiyar, ɗan'uwansa Alu ya shiga Kano a 1894, Tukur kuwa ya rasa sarautar da ransa a 1895.

Ba mu da hurumin yanke wa Waziri hukunci. Naɗa sarki haƙƙin Sarkin Musulmi ne, ba saɓo ba ne a kan kansa, Waziri kuma ya sauke nauyin nasiha. Mai ba shi uzuri yana da hujja. Mai cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan kome, kuma jinin Musulmi ya cancanci a sake komawa da roƙo sau biyu sau uku ko da za a rasa wazirci, shi ma yana da hujja. Abin da babu saɓani a kansa shi ne sakamakon. Umurnin da aka gina a kan son saka wa mutum ɗaya alheri, aka toshe kunne daga shawarar masani, ya ci rayukan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Alhamdu lillahi, gabar Sakkwato da Argungu ta zama tarihi tun ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda daga gare ta bikin kamun kifi ya samo sunansa na yau. Amma darasin bai tsufa ba.

Wane umurni ake ƙi?

A nan wajibi ne mu yi hattara, domin zuciya tana da wayo, takan mai da lalaci ko girman kai ta sa musu rigar tsoron Allah. Umurni iri uku ne. Na farko, wanda ya dace da shari'a da doka, kamar zuwa aiki a kan lokaci da tsare amanar ofis. Wannan binsa wajibi ne, ko da shugaban da ya ba da shi ba mutumin kirki ba ne. Na biyu, wanda ba saɓo a cikinsa, amma kai ba ka so, ko kana ganin akwai dabarar da ta fi shi, kamar a canja maka wurin aiki daga Birnin Kebbi zuwa wani ƙauye, ko a ɗauki shawarar wani a bar taka. Wannan sai ka faɗi ra'ayinka, sa'an nan ka bi, domin sau da yawa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Na uku, wanda saɓo ne bayyananne ko cutar da wani bawan Allah a jininsa ko dukiyarsa ko mutuncinsa. Wannan shi ne raka'a ta biyar.

Misalansa ba su ɓuya ba. Akawun da aka ce ya sa hannu cewa an gama aikin rijiya ko ajin makaranta alhali ko harsashi ba a haƙa ba. Ma'aikacin da aka ba rabon taki don manoman shinkafa na fadama, aka ce ya karkatar da buhunan zuwa shagon wani. Malamin makarantar da aka ce ya ba ɗan wane makin da bai ci ba. Ɗan sandan da aka ce ya tsare talaka don ya ƙi sayar da gonarsa. Alƙalin da aka aiko masa da hukunci tun bai saurari shari'a ba. Malamin zaɓen da aka miƙo masa takarda aka ce ya gyara lissafi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya san gaskiya a zuciyarsa tun kafin ya tambayi malami. Ma'auni mai sauƙi shi ne, umurnin da mai ba da shi ba ya yarda ya rubuta shi a takarda ya sa hannu, wanda sai an rufe ƙofa an rage murya ake faɗarsa, to, mai shi ma ya san abin da yake.

Uzurin tilas

Wani zai ce, Malam, kana magana ne kamar ba ka san halin da ake ciki ba. Ina da mata da 'ya'ya, in na ƙi za a kore ni, a kawo wani ya yi abin da na ƙi, me aka ƙaru da shi? Wannan magana ce mai nauyi, ba kuwa za mu raina ta ba. Shari'a ta san tilas. A cikin Suratun Nahali, aya ta 106, an yi rangwame ga wanda aka tilasta ya furta kalmar kafirci alhali zuciyarsa na natse da imani, kamar yadda ya faru ga Ammaru ɗan Yasir. Amma ku lura, rangwamen ya shafi haƙƙin Allah ne, wanda Shi Mai yafewa ne. Malamai sun haɗu a kan cewa wanda aka ce ya kashe wani ko a kashe shi, bai halatta ya kashe ba, domin ransa bai fi na ɗan'uwansa daraja ba. Sa'an nan tilas ɗin da malamai suke nufi shi ne tsoron kisa ko duka mai tsanani ko ɗauri da makamantansu. Tsoron jinkirin ƙarin girma, ko rasa kujera mai maiƙo, ko fushin maigida, yawancinsa kwaɗayi ne ya yi shigar tsoro.

Cewa kuwa wani zai yi in ka ƙi, to, wannan lissafinsa ne, kai naka za a tambaye ka. Ba kuma gaskiya ba ne cewa ƙin mutum ɗaya ba ya hana kome. Kamammun da ke hannun Abdullahi ɗan Umar da mutanensa sun rayu. Ko duniya da dokokinta na zamani ta komo kan wannan ra'ayi, domin a shari'ar da aka yi wa manyan jami'an Hitila a birnin Nuremberg na ƙasar Jamus a 1945 zuwa 1946, an ƙi yarda cewa bin umurnin na gaba yana wanke mutum daga laifi. Abin da suka gano bayan asarar miliyoyin rayuka, an karantar da shi a Madina tun ƙarni goma sha uku kafin nan.

Sai dai gaskiya ita ce, yawancinmu ba ranar da aka ba mu mugun umurni muke faɗuwa ba, mun riga mun faɗi tun ranar da muka karɓi abin da ba haƙƙinmu ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya sami aiki ta bayan gida, ko ya saba karɓar ambulan, ko ya ɗora wa kansa rayuwar da albashinsa ba ya ɗauka, ya sayar da a'arsa tun kafin a neme ta. Saboda haka tanadin wannan jaruntaka tun da wuri ake yinsa, da ƙana'a da tsare hannu. A Magami, a 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya yi wa malamai kyauta, Shehu Usmanu bai karɓi dukiyar ba, sai ya roƙi abubuwa biyar a madadinta, cikinsu har da sakin fursunoni da sauƙaƙa wa talakawa haraji. Hannun da bai karɓa ba a Magami, shi ne ya iya mai da umurnin Yunfa bayan shekara 15.

Ladabin ƙi

Yadda ake ƙi yana da hukuncinsa. A cikin Suratu Luƙmana, aya ta 15, an hana ɗa bin iyayensa idan suka matsa masa ya yi shirka, amma a cikin ayar nan guda an umurce shi ya zauna da su da kyautatawa. Annabi Musa da Haruna kuma da aka aike su wurin Fir'auna, magana mai laushi aka ce su yi masa. Saboda haka wanda zai ƙi umurni ya fara tabbatarwa cewa ya fahimci abin da aka ce, in ya yi shakka ya tambayi masani. Ya sami shugabansa a keɓe, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan abu ina jin tsoron Allah a kansa, ina kuma jin tsoron abin da zai jawo maka, a yi mini afuwa." In an matsa, ya nemi a ba shi a rubuce. In abin ya shafi ran mutane ko dukiyar jama'a, ya kai ga hukumar da doka ta tanada. Ya ci gaba da sauran aikinsa fiye da yadda yake yi a da, kada a sami ƙofar cewa ƙiwuya ce. Kada ya bi majalisu yana tallar kansa, domin riya tana cinye ladan wannan aiki kamar yadda take cinye na sadaka. Sa'an nan ya shirya wa abin da zai biyo baya, gama ba mu yi wa kowa alkawarin cewa za a yaba masa ba. Imamu Malik bulala ya sha, Shehu gidansa ya bari. Abin da muka sani shi ne arziki ba a hannun shugaban ofis yake ba.

Ku kuma shugabanni, daga maigida a cikin gidansa har zuwa mai babbar kujera, ku sani cewa yaron da ya iya ce muku a'a a kan ɓarna ya fi muku amfani bisa ga goma masu cewa "daidai ne, ranka ya daɗe." Shi ne mai yi muku tasbihi sa'ad da kuka miƙe zuwa ta biyar. Shugaban da ya kori irin waɗannan daga kusa da shi, ranar da zai yi babban kuskure ba zai sami mai tuna masa ba. Mu kuma sauran jama'a, idan muka ga an muzguna wa wani don ya ƙi cin amana, kada mu ce masa wawa ko mai taurin kai. Mu gaishe shi, mu taimaki iyalinsa, domin gonarmu da makin 'ya'yanmu da ƙuri'armu ya tsare.

Allah Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari da kunnen sauraronsu. Ya ba mu ikon yi musu ɗa'a a cikin abin kirki, da ƙarfin zuciyar tsayawa idan aka kai iyaka. Ya tsare hannuwanmu daga zama makamin zalunci, Ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.